Daga Gyara Zuwa Ƙira: Tarihin Ƙaramar Tankar Yaƙi ta Barazil

1.0 Gabatarwa

A ranar 7 ga Satumba, 1973, ƙasar Barazil ta yi bikin zagayowar ranar samun 'yancin kanta. Cikin kayan yaƙin da sojoji suka yi fareti da su akwai wata ƙaramar tankar yaƙi da jama'a ba su taɓa gani ba. Sunanta X1, kuma an yi mata laƙabi da Pioneiro, wato mai share fage. An gabatar da ita a matsayin aikin gida. Sai dai wanda ya san kan ƙarfe, idan ya duba ta da kyau, zai tarar cewa ƙasan gangar jikinta na wata tsohuwar tankar Amurka ne da aka ƙera a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, injinta na wani kamfanin Suwidin ne, igwarta kuma ta Faransa ce.

To, in haka ne, ina aikin gidan? Wannan ita ce tambayar da wannan maƙala za ta bi. Za a duba yadda Barazil ta shiga halin da ya tilasta mata yin wannan haɗi, da yadda aka zaɓi kowane sashe, da abin da aikin ya haifar, da kuma inda ya ci tura. Abin da tarihin ya nuna shi ne, amfanin X1 bai fito a fagen daga ba, domin ba ta taɓa shiga yaƙi ba. Amfaninta ya fito ne a cikin sanin da ta bar wa injiniyoyi da maƙeran ƙasar, kuma wannan sani bai ɗore ba sai a inda aka samu mai sayen abin da aka ƙera.

2.0 Sassan tankar yaƙi

Kafin a shiga tarihin, yana da kyau a san manyan sassan da ake magana a kansu. Na farko shi ne gangar jiki, wato akwatin ƙarfe mai kauri da ke ɗauke da direba da inji da mai da harsasai. Na biyu shi ne hasumiya, wato ɗakin da ke bisa gangar jiki, wanda yake juyawa ko'ina, kuma a jikinsa ake ɗaura igwa. Na uku shi ne inji da giya. Na huɗu su ne ƙafafu da sarƙar da suke birgima a kanta, waɗanda suke bai wa tanka damar ratsa yashi da taɓo. Na biyar su ne madubai da na'urorin saiti da rediyo.

Ana cewa tanka ƙarama ce idan nauyinta bai kai na manyan tankoki ba, sulkenta kuma ba shi da kauri sosai. Aikinta shi ne leƙen asiri da rakiyar sojan ƙasa da kai ɗauki cikin hanzari. Kowane ɗaya daga cikin sassan nan biyar yana buƙatar masana'anta irin tasa. Saboda haka idan aka ce ƙasa ta ƙera tanka, tambayar da ta dace a yi ita ce: wane sashe ta ƙera, wane ta saya, kuma a hannun wa?

3.0 Gadon Yaƙin Duniya na Biyu

Barazil ta shelanta yaƙi a kan Jamus da Italiya a watan Agusta na 1942, bayan da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka nutsar mata da jiragen ruwa. A 1944 ta tura sojoji kimanin 25,000 zuwa Italiya, suka yi yaƙi tare da rundunar Amurka. A ƙarƙashin shirin Amurka na bai wa ƙawayenta aron kayan yaƙi, Barazil ta samu makamai masu yawa, cikinsu har da ɗaruruwan ƙananan tankoki samfurin M3 Stuart. Waɗannan tankoki ba su je Italiya ba, a gida aka bar su. Abin da sojojin da suka je Italiya suka yi aiki da shi shi ne motar sulke mai taya shida da ake kira M8 Greyhound.

An fara ƙera Stuart a 1941. Nauyinta kimanin tan 13 ne, tana ɗaukar mutum huɗu, igwarta kuma mai faɗin baki milimita 37 ce. Yawancinsu suna da injin Continental mai silinda bakwai da aka jera a da'ira, irin injin jirgin sama na wancan zamani. Wannan inji yana shan fetur mai yawa, ga saurin kama wuta, kuma tsarinsa ya sa tankar ta yi tsayi. Tun kafin yaƙin ya ƙare an gane cewa igwar Stuart ba ta iya huda sulken sababbin tankokin Jamus.

A 1952 Barazil da Amurka suka ƙulla yarjejeniyar taimakon soja. Ta wannan hanya ce Barazil ta samu wata ƙaramar tanka da ta fi Stuart zamani, wato M41, daga farkon shekarun 1960. Yarjejeniyar ta sauƙaƙa samun makamai, amma ta ɗaure ƙasar a gindin mai bayarwa. Ana cikin haka Amurka ta dulmuya a yaƙin Biyetnam, kuma majalisarta ta riƙa sa ƙa'idoji a kan sayar wa ƙasashen Latin Amurka makamai na zamani. Wannan na cikin dalilan da suka sa Barazil ta juya ga Faransa a 1970 ta yi odar jiragen yaƙi samfurin Mirage. Su kuwa tankokin Stuart, zuwa ƙarshen shekarun 1960 da yawansu sun zauna, domin an daɗe da daina ƙera kayan gyaransu. Akan kwance wata a tayar da wata. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma hafsoshin Barazil sun ga haka da idonsu.

4.0 Abin da ke gida

Da a ce ƙasar ba ta da komai, da sai dai ta ci gaba da roƙo. Amma akwai abubuwa biyu da aka riga aka shuka. Na farko, a 1941 gwamnatin Getulio Vargas ta kafa kamfanin ƙarfe na ƙasa a Volta Redonda da rancen Amurka, ya kuma fara aiki a 1946. Na biyu, a 1956 shugaba Juscelino Kubitschek ya fito da manufar da ta tilasta wa kamfanonin motoci na waje su riƙa ƙera mafi yawan sassan motocinsu a cikin ƙasar. Kamfanoni irin su Volkswagen da Mercedes-Benz da Scania suka kafa masana'antu a kewayen birnin Sao Paulo. Scania ya buɗe masana'antarsa ta Sao Bernardo do Campo a 1962. A gefen waɗannan manya kuma ƙananan masana'antu masu yawa suka taso, masu yin giya da sifirin da roba da kayan lantarki.

Sojoji sun karɓi mulki a 1964, kuma daga 1968 zuwa 1973 tattalin arzikin ƙasar ya riƙa bunƙasa da kimanin kashi 10 cikin 100 a shekara. Ke nan ga kuɗi, ga masana'antu, ga gwamnatin da ke son dogaro da kai a harkar makamai.

Aikin ya fara ne daga wani babban garejin soja da ke Sao Paulo. A ƙarshen shekarun 1960 injiniyoyin wurin suka shiga cire tsofaffin injunan fetur daga motocin sulken da aka gada, suna sa musu injunan dizal na manyan motocin kaya da ake ƙerawa a ƙasar. Dabarar ba ta da wani ƙawa, amma ta yi aiki. Motar da ta shekara a jibge sai ga ta tana tafiya, kuma idan ta lalace kowane makanikin manyan motoci zai iya gyara ta. Daga nan aka fara tunanin yi wa Stuart irin wannan aiki, har ma a wuce haka.

5.0 Yadda aka haɗa X1

An yi aikin X1 ne tsakanin injiniyoyin soja da kamfanoni masu zaman kansu, musamman Biselli da Bernardini. Shi Bernardini ba kamfanin makamai ba ne tun asali. 'Yan ci-rani daga Italiya ne suka kafa shi a Sao Paulo a 1912, kuma sana'arsa ita ce ƙera akwatunan ƙarfe na ajiyar kuɗi da ƙofofin taskar banki. Wanda ya saba yanka ƙarfe mai kauri da yi masa walda yadda ɓarawo ba zai iya fasawa ba, ya riga ya san wani abu game da sulke.

Aka kwance Stuart ɗin gaba ɗaya, aka bar ƙasan gangar jikinta. Aka yi mata sabon sama da ƙarfen gida, aka karkatar da farantan gaba domin harsashi ya riƙa zamewa. Aka cire injin Continental aka sa injin dizal na Scania samfurin DS-11 mai silinda shida, wanda ƙarfinsa ya ɗara doki 250. Da yake silindojinsa a layi ɗaya suke, ya fi tsohon tsawo, dole aka ƙara wa bayan tankar tsawo. Aka sauya ƙafafun da wasu da aka kwaikwayo daga wata motar jan igwa ta Amurka mai sarƙa. Wani kamfanin gida mai suna Novatração ya yi sarƙoƙi, wani kuma mai suna D. F. Vasconcelos ya yi madubai.

Zaɓin injin ya nuna hikimar aikin. Scania kamfanin Suwidin ne, amma a Barazil ake ƙera injin, kuma yana cikin ɗimbin manyan motocin da ke yawo a titunan ƙasar. Kayan gyaransa suna kasuwa, masu gyaransa suna kowane gari. Dizal kuma ba ya saurin kama wuta kamar fetur, kuma tanki ɗaya yana kai tanka nesa ƙwarai. Ƙira ta waje ce, amma babu wata gwamnatin waje da za ta wayi gari ta hana shigo da shi.

Igwa ita ce ta gagara a gida, sai aka sayo ta Faransa mai faɗin baki milimita 90, samfurin DEFA D-921, aka ƙera mata sabuwar hasumiya. A nan akwai matsalar da sai an fahimce ta. Babbar igwa tana tunkuɗa baya da ƙarfi idan an harba ta, kuma ƙaramar tanka ba za ta jure wannan tunkuɗa ba. Igwar Faransa ta kauce wa matsalar ne domin ba da gudu harsashinta yake huda sulke ba. A cikin kan harsashin akwai nakiya da aka yi wa rami kamar mazurari, aka shimfiɗa masa ƙarfe. Idan ya bugi sulke nakiyar ta tashi, sai ta matse ƙarfen ya fita kamar tsinke da matsanancin ƙarfi, ya huda sulke mai kaurin kimanin milimita 300. Tun da ba a buƙatar gudu mai yawa, ba a buƙatar albarushi mai yawa, tunkuɗar ma sai ta ragu. Illar ita ce, harsashin da ba ya gudu sosai yana da wuyar samun abin da ke nesa ko abin da ke tafiya. Wannan igwa ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, domin ita ce ke kan motar sulken Faransa mai suna Panhard AML-90, wadda sojojin Nijar da Cadi da Nijeriya suka yi aiki da ita.

An mayar da Stuart fiye da hamsin zuwa X1 a cikin shekarun 1970. Ba a rasa matsaloli ba. An ɗora sabon inji da ƙarin nauyi a kan sassan da aka ƙera tun shekarun 1940, kuma tsohon ƙarfe ba ya ɓoye shekarunsa. A kan wannan gangar jiki kuma aka gwada wasu motoci, kamar XLP-10 mai shimfiɗa gada da XLF-40 mai harba roka.

6.0 Daga gyara zuwa ƙira

A 1976 aka fito da samfurin gwaji na biyu, X1A1, wanda aka yi wa laƙabi da Carcará, sunan wani tsuntsu mai farauta na ƙasar. An ƙara masa tsawo da ƙafafu domin ya ɗauki ƙarin mai da harsasai. Sai wata matsala ta ɓullo. Motar sarƙa tana juyawa ne ta hanyar rage gudun sarƙa ɗaya, kuma idan tsawonta ya yi wa faɗinta yawa, juyawar takan yi wuya. An ƙara tsawo, amma faɗin yana nan yadda Amurkawa suka yanke shi a 1941. A nan injiniyoyin suka gane cewa gyara ya kai iyakarsa. Muddin ana son ci gaba, sai an ƙera sabuwar gangar jiki mai faɗi daga tushe.

Siyasa ma ta tura su. A 1975 Barazil ta ƙulla yarjejeniyar makamashin nukiliya da Jamus ta Yamma, abin da bai yi wa Amurka daɗi ba. Da Jimmy Carter ya hau mulki, gwamnatinsa ta matsa a kan wannan batu da kuma batun take haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin mulkin soja, wanda kuwa gaskiya ne ana yi. A watan Maris na 1977 shugaba Ernesto Geisel ya soke yarjejeniyar taimakon soja ta 1952. Daga ranar, maganar ƙera makamai a gida ta tashi daga buri ta koma larura.

Sakamakon shi ne X1A2, wadda Bernardini ya ƙera tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. A ido tana kama da zuriyar Stuart, amma gangar jikinta sabuwa ce. Nauyinta kimanin tan 19 ne, tana ɗaukar mutum uku, injinta na Scania ne mai ƙarfin doki kimanin 300. Igwarta ma a Barazil aka ƙera ta. Kamfanin Engesa ne ya yi ta da lasisin kamfanin Cockerill na Beljiyam. Wato cikin 'yan shekaru an tashi daga sayen igwa an koma sayen izinin ƙera ta. Duk da haka waɗanda aka ƙera ba su wuce talatin ba, kuma ba ta samu kasuwa a waje ba. Rundunar soja ta ga ya fi mata riba ta kashe kuɗinta wajen sabunta tankokin M41, waɗanda suka fi yawa, ƙirarsu kuma ta fi zamani. Bernardini ne ya samu wannan aiki, ya sa musu injin dizal na Scania, ya kuma faɗaɗa bakin igwarsu daga milimita 76 zuwa 90. Duk abin da ya koya a kan Stuart ya yi masa rana.

7.0 Inda aka ci riba da inda aka faɗi

Daga wannan garejin soja na Sao Paulo wani reshe ya fita wanda ya fi X1 suna. Gyaran Greyhound ya haifar da motar sulke mai taya shida, EE-9 Cascavel, wadda Engesa ya ƙera. Samfurinta na farko ma igwar Stuart aka ɗora masa. Dabarar ita ce dai ta X1, wato injin babbar mota da kayan gyaran da ake samu a kasuwa da igwa mai milimita 90. An ƙera Cascavel kimanin 1,700, aka sayar wa ƙasashe da dama, manyan masu saye kuwa su ne Libiya da Iraƙi. Masu saye sun so ta ne saboda araha da sauƙin gyara, kuma Barazil ba ta gindaya sharuɗɗan siyasa. Libiya ta shiga da ita arewacin Cadi, kuma a yaƙin 1987, lokacin da sojojin Cadi suka ƙwace Fada da Wadi Dum, Cascavel na cikin ganimar da suka samu.

Nasarar ta sa kamfanonin biyu suka ɗaga ido sama. Bernardini ya fito da Tamoyo a 1984, tanka matsakaiciya da aka tsara don bukatar sojan gida. Engesa kuwa ya zuba dukiyarsa a kan babbar tanka mai suna Osório, da fatan sayar wa Saudiyya. A nan dabarar ta juya. Injin Osório da giyarta na Jamus ne, hasumiyarta da ƙafafunta ƙirar Ingila ne, igwar samfurin da aka kai Saudiyya mai milimita 120 kuma ta Faransa ce. Waɗannan ba kayan manyan motoci ba ne da ake samu a bakin titi, kaya ne masu tsada da sai da kuɗin waje ake sayen su. A gwajin da aka yi a Saudiyya a 1987 Osório ta yi rawar gani tare da tankokin Amurka da Ingila da Faransa, amma daga ƙarshe Saudiyya ta zaɓi Abrams ta Amurka, ƙasar da take dogaro da ita wajen tsaro.

A gida kuma babu mai ceto. Tun 1982 bashi ya shaƙe Barazil, a 1987 ta dakatar da biyan kuɗin ruwa ga bankunan waje, farashin kaya kuma ya yi tashin gwauron zabo. Mulkin soja ya ƙare a 1985. Yaƙin Iran da Iraƙi ya ƙare a 1988, Iraƙi ta rage saye, ta kuma kasa biyan basussukan da ke kanta. Da Yaƙin Cacar Baki ya zo ƙarshe sai kasuwa ta cika da tankoki na hannu masu araha. Engesa ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 1990, ya durƙushe a 1993. Tamoyo ba ta wuce matakin gwaji ba, Bernardini ma daga baya ya rufe. A tsakiyar shekarun 1990 Barazil ta karɓo tankokin Leopard 1 na hannu daga Beljiyam da M60 daga Amurka, kuma a cikin waɗannan shekaru aka ajiye zuriyar X1.

8.0 Kammalawa

Idan aka koma ga tambayar farko, aikin gida a jikin X1 yana cikin sanin abin da za a ajiye, da abin da za a zubar, da yadda za a sa sassan da ba a ƙera su don juna ba su yi aiki tare. Wannan sani ne ya kai maƙerin akwatin kuɗi ga ƙera gangar jikin tanka cikin shekaru kaɗan. Tarihin ya kuma nuna cewa kayan waje iri biyu ne. Akwai wanda ya riga ya zama ɗan gida, kamar injin Scania da direbobin manyan motoci suke rayar da kasuwarsa ko da soja bai saya ba. Akwai kuma wanda sai an miƙa hannu waje a kowane lokaci, kamar sassan Osório. Na farko shi ne guntun gatarin da ya fi sari ka ba ni.

Sai dai sani kaɗai bai riƙe masana'anta ba. X1A2 ta tsaya a 'yan ƙalilan, Tamoyo da Osório ba su samu oda ba, kamfanonin kuma suka mutu, ma'aikatansu suka watse. Da Barazil ta koma ƙera motocin sulke, ta wata hanya ta bi. A 2009 rundunar sojanta ta sa hannu a kwangila mai dogon zango da kamfanin Iveco na Italiya domin ƙera motar sulke mai suna Guarani a garin Sete Lagoas da ke jihar Minas Gerais. A wannan karo an fara tabbatar da mai saye kafin a kafa masana'anta.